Dutsen Maigatari da Tambayar Asalin Duniya

Tambayar yadda rana da duniyoyin da ke kewaya ta suka samu, da lokacin da wannan ƙasa da ake takawa ta ɗauki siffarta, tana zuwa wa ɗalibin gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, ta ƙofa biyu waɗanda ba kasafai ake buɗe su tare ba. A zauren malam, inda ake biya littattafan tauhidi bayan saukar Alƙur'ani, yana koyon cewa duk abin da ba Allah ba fararre ne, wato samamme ne bayan rashi, kuma an halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida; a makarantar boko kuwa ana gaya masa cewa shekarun duniya sun haura biliyan huɗu da rabi, kuma ta dunƙule ne daga ƙura da iskar gas da suka kewaye rana tun tana sabuwa. Mafi yawan gardamar da ake yi a kan wannan takan tsaya a kan lissafi, ana gwama kwana shida da biliyoyin shekaru kamar abu ɗaya suke ƙirgawa, alhali akwai tambayar da ta riga wannan zuwa, wadda ita ce ta falsafa tsantsa: shin ɗan Adam yana iya sanin abin da ya auku babu mahaluki ko ɗaya a wurin, in kuwa yana iyawa, wane irin sani ne wannan, kuma ina ne iyakarsa? Alƙur'ani ya taɓo batun ta fuska biyu, domin a aya ta 51 ta Suratul Kahfi an kore cewa waɗanda ake magana a kansu sun halarci halittar sammai da ƙasa, a aya ta 20 ta Suratul Ankabut kuma an yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Haɗa ayoyin biyu yana nuna cewa babu shaidar gani da ido, amma akwai gurbi da alama da aka bari, kuma an halatta a karanta su.

Sai dai wanda ya ɗauki umarnin tafiya ya fara daga ƙasar Magarya zai tarar da cewa ƙasar ba ta riƙe labarin farkonta ba. Jigawar da ake shuka gero da gyaɗa a kanta, wadda itatuwan gawo suka yi wa rumfa daga Bande har Dogo-Dogo, tsofaffin tuddan rairayi ne da iska ta tara a wani zamani na matsanancin fari, kimanin shekara 20,000 zuwa 12,000 da suka shige, lokacin da hamada ta gangaro kudu har cikin ƙasar Kano. Masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya yi rubutu a kansu a 1958 ya kira su tsohon tekun rairayin ƙasar Hausa. Kwarin Korama, inda ruwa ke kusa har ake noman rake da kayan lambu da rani, ragowar hanyoyin ruwa ne na zamanin damshi da ya biyo baya, sa'ad da Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Duk wannan jiya-jiya ne a ma'aunin ƙasa. In aka yi arewa zuwa birnin Zinder, inda manyan duwatsu suka kewaye unguwar Birni, za a taka abin da ya fi haka tsufa nesa ba kusa ba, domin ginshiƙin dutsen Damagaram da Muniyo ya daskare ne wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, wasu duwatsun giranit kuma suka kutso cikinsa daga ƙasa wajen shekara miliyan 300 baya. Amma ko wannan bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na shekarun duniya ba, kuma dalilin haka shi ne duniya rayayyiya ce a cikinta: tana narkar da duwatsunta, tana nutsar da ɓawonta, ruwa da iska suna niƙe abin da ya rage a sarari. Abu mafi tsufa daga jikinta da aka taɓa tsinta a bayanta shi ne wasu ƙananan ƙwayoyin ma'adinin zirkon daga tuddan Jack Hills a yammacin Ostireliya, masu shekara biliyan 4.4, su ma an same su ne a cikin dutsen da suka girme shi, uwar da ta haife su ta daɗe da shafewa.

Saboda haka hujjar da ta fi ƙarfi a kan asalin ƙasa daga sama ta zo, kuma wani yanki nata ya sauka a bakin ƙofar Dungas. Ranar 1 ga Agusta 2004 wani dutse ya faɗo a yankin Maigatari, garin kan iyaka na jihar Jigawa mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, wanda ke kimanin kilomita 30 kudu da garin Dungas, aka shigar da shi kundin masana da sunan Maigatari-Danduma, abin da aka tattara daga gare shi kuwa bai cika kilo biyar ba. Ba shi ne farau ba a wannan sashe: a 1962 wani ya faɗi a Zagami cikin lardin Katsina, a 1984 wani a Gujba ta jihar Yobe ta yau, a 1991 wani mai nauyin kilo 110 a Dutsen Tazarzait ta jihar Tawa, a 2002 kuma wani a Kilabo kusa da Haɗeja. Ya kamata a bambance waɗannan da abin da ake kira gatarin aradu, wato sulɓaɓɓen dutse mai kaifi da manoma kan tono a gona a ce tsawa ce ta jefo shi, domin shi wannan kayan aikin mutanen dauri ne da suka sassaƙa da hannu kafin a san ƙira. Abin lura a tarihin ilimi shi ne cewa masanan Turai sun daɗe suna ƙaryata talakawan da ke cewa sun ga dutse ya faɗo daga sama, suna ɗaukar zancen a matsayin camfi, har sai da Ernst Chladni ya kare batun a 1794, sannan duwatsu dubbai suka zubo a garin L'Aigle na Faransa a 1803, aka aika Jean-Baptiste Biot ya bi ƙauyuka yana jin ta bakin shaidu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga su karɓar irin wannan labari, domin a littafinsa na Asshifa ya kawo batun wani ƙarfe da ya faɗo a Juzjan a zamaninsa, aka kai wa Sarki Mahmud na Gazna wani yanki aka so a ƙera takobi da shi abin ya faskara, ya kuma ruwaito cewa jikinsa haɗe yake da ƙananan ƙwayoyi kewayayyu masu kama da gero, manne da juna.

Wannan siffa ta ƙarshe ita ce mabuɗin al'amarin. Wanda ya riƙe irin dutsen Maigatari a hannu zai fara jin cewa ya fi dutsen gida nauyi, zai ga baƙin ɓawo siriri wanda kaurinsa bai wuce milimita guda ba, saura ne na narkewar da fatarsa ta yi sa'ad da ya keto iska da gudun da ya haura kilomita 11 a daƙiƙa, in kuma aka matso da maganaɗisu sai ya manne masa. In aka yanka shi aka goge fuskar, cikinsa toka-toka ne, da ɗigo-ɗigon ƙarfe mai gauraye da nikel suna ƙyalli, a tsakaninsu kuma ga waɗannan ƙananan dunƙulallun ƙwayoyi, mafi yawansu ba su kai girman ƙwayar gero ba. Masana suna kiran ƙwayoyin kondurul, dutsen da ke ɗauke da su kuma kondirait, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na duwatsun da aka ga faɗowarsu daga wannan dangi suke. Kowace ƙwaya ɗigon narkakken dutse ce da ta daskare tana shawagi a sarari, shi ya sa ta yi kewaye, kuma kasancewar ƙarfe da dutse suna zaune a cakuɗe hujja ce cewa jikin da dutsen ya ɓalle daga gare shi bai taɓa narkewa ɗungurungum ba, domin da ya narke da ƙarfen ya nutse ya bar dutsen a sama, kamar yadda ya faru da duniya. Dutsen Maigatari yana cikin rukunin da ake yi wa alama da harafin H, masu yawan ƙarfe, kuma ya sha zafi a cikin uwarsa har gefen ƙwayoyinsa ya ɗan dusashe, amma zafin bai kai ga narkarwa ba. Ma'anar wannan ita ce, abin da ya sauka a kan jigawar kan iyaka a daminar 2004 ragowar kayan ginin duniyoyi ne da ba a yi aiki da shi ba, ya kuma girmi duk wani dutse da ke ƙarƙashin ƙasar da ya faɗa wa.

Yadda ake sanin shekarunsa yana da alaƙa da ma'adinin da Nijar ta fi shahara da shi, wato yuraniyam, wanda ake haƙowa a Arlit tun 1971. Ƙwayoyin zarra na wannan ma'adini ba su da tabbas, suna rikiɗa sannu a hankali su koma darma, kuma kowane nau'i yana da wa'adin da rabinsa ke rikiɗewa a ciki: nau'in da ake kira 238 yana ɗaukar shekara biliyan 4.47, nau'in 235 kuma shekara miliyan 704. Tun da kowanne yana haifar da nasa nau'in darma daban, dutse guda yana ɗauke da agogo biyu masu gudu daban-daban, kuma idan suka nuna lokaci ɗaya da wuya a ce dacewa ce kawai. Da wannan hanya Clair Patterson na Amurka ya auna darmar da ke cikin duwatsun sama, ciki har da ƙarfen Canyon Diablo na jihar Arizona, ya gwama da ta lakar ƙarƙashin teku, ya fitar da shekara biliyan 4.55 a 1956. Daga baya, sa'ad da dutsen Allende ya zubo a arewacin Meziko a watan Fabrairu na 1969, aka sami wasu fararen ɗigo a cikinsa masu yawan kalshiyam da alminiyam, waɗanda su ne abu na farko da ya daskare daga zazzafar iskar da ke kusa da rana, awon da aka yi wa irinsu kuma ya ba da shekara miliyan 4,567. Daga wannan adadi ake fara ƙirga tarihin gidan rana gaba ɗaya.

Labarin da masana suka gina a kan waɗannan awo ya samo tushe daga hasashen Immanuel Kant a 1755 da na Pierre-Simon Laplace a 1796, waɗanda suka lura cewa duniyoyi duka suna kewaya rana ta fuska ɗaya, kusan a shimfiɗa ɗaya, suka ce lalle daga abu guda mai juyawa suka fito. A bayanin yau, wani yanki na ƙaton gajimaren gas da ƙura, wanda kusan kashi 98 cikin 100 nasa haidirojin ne da hiliyam, ya rufta cikin kansa saboda ƙarfin jan nauyi, yana ruftawa yana ƙara saurin juyi har ya baje ya zama faifai, tsakiyarsa ta tattare kusan komai ta zama rana, wadda har yau ita ke riƙe da kashi 99.86 cikin 100 na nauyin gidan. Kusa da ita zafi bai bar komai ya daskare ba sai dutse da ƙarfe, shi ya sa Uɗaridu da Zuhura da duniya da Mirrihu suka kasance ƙanana masu tauri, can nesa kuwa inda ruwa ke zama ƙanƙara kayan gini sun yi yawa, har Mushtari da Zuhalu suka yi girman da suka iya jawo gas ɗin kansa. Ƙura ta manne ta zama tsakuwa, tsakuwa ta taru ta zama jikkuna masu faɗin kilomita goma zuwa ɗari, waɗannan kuma suka dinga karo suna haɗewa ko suna farfashewa, kamar yadda Viktor Safronov na Tarayyar Sobiyat ya tsara lissafinsa a 1969. Kowane mataki yana da shaidarsa a cikin duwatsun da suka faɗo a wannan yanki na Afirka. Ɗan ƙaramin dutsen da aka tsinta kusa da Zinder a 1999, mai nauyin giram 46, daga dangin da ake kira falasait ne, inda ƙarfe ya rungume ƙwayoyin ma'adinin dutse, alamar jikin da ya narke ya rabu gida biyu kafin a fasa shi. Na Gujba, mai manyan dunƙulallun ƙarfe da ake gani da ido, an auna shi ya kasa waɗancan fararen ɗigo da kimanin shekara miliyan biyar, kuma bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ya daskare ne daga tururin wani gagarumin karo tsakanin jikkuna biyu masu shirin zama duniyoyi. Na Zagami kuwa, mai nauyin kilo 18, ya fita daban, domin shekarunsa wajen miliyan 180 ne kacal, kuma a 1995 aka tarar da iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auna a Mirrihu a 1976, wato daskararren aman wuta ne na wata duniya da ta riga ta kammala. Ita wannan ƙasa tamu ta tara mafi yawan jikinta cikin shekaru miliyan gommai na farko, ƙarfenta ya nutse ya zama cibiyar da ke farawa a zurfin kilomita 2,900, kuma a 2014 na'urar hangen ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile ta ɗauki hoton irin wannan faifai, da zobba da gibba a jikinsa, kewaye da wani sabon tauraro mai suna HL Tauri.

A nan ne ilimin zaure yake da abin cewa wanda littafin makaranta bai faye kulawa da shi ba. Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Assanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma ƙaramin littafinsa Ummul Barahin ya zama ginshiƙin karatun tauhidi daga Tambutu har Barno, ya kasa hukunci gida uku a cikin Muƙaddimat ɗinsa: na shari'a, wanda ake samu daga nassi, na hankali, wanda ba ya jiran gwaji, kamar cewa abu ba ya kasancewa samamme kuma rasasshe a lokaci guda, da na al'ada, wanda shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu saboda maimaituwar haɗuwarsu, tare da yarda cewa saɓawar alaƙar ba mustahili ba ce a hankalce. Duk wanda ya fahimci wannan rabo zai gane cewa shekara miliyan 4,567 hukuncin al'ada ne, domin ya dogara ne a kan cewa yuraniyam ya rikiɗa a dā da saurin da yake rikiɗa a yau. Wasu kan ji wannan su ce ashe zato ne kawai, amma wannan gaggawa ce, domin da hukuncin al'ada likita ke ba da magani, da shi mai haƙar rijiya ke zaɓar wuri, da shi ake lissafa husufi shekaru kafin ya auku, kuma darajarsa tana hawa gwargwadon yawan hanyoyi masu zaman kansu da suka haɗu a kansa. Ita kanta dogarar an gwada ta a Afirka: a 1972 masanan Faransa suka gano cewa yuraniyam ɗin mahaƙar Oklo a Gabon ya ɗan yi ƙarancin nau'in 235, bincike ya nuna cewa wutar nukiliya ta kama da kanta a cikin dutsen wajen shekara biliyan biyu baya, kuma tokar da ta bari ta nuna cewa ƙa'idojin zarra na wancan zamani su ne na yau. Gaskiya ne an taɓa yin kuskure babba, domin Lord Kelvin na Birtaniya ya lissafa sanyayar duniya a ƙarni na 19 ya ba ta shekaru miliyan gommai kawai, amma tun awon Patterson adadin bai gusa ba sai da abin da bai taka kara ya karya ba. Ba duk sassan labarin ke da wannan ƙarfi ba, kuma adalci ne a faɗa wa ɗalibi haka. Cewa wata ya samu ne daga karon da wani jiki mai girman Mirrihu ya yi da duniya, ra'ayin da ya fito a tsakiyar shekarun 1970 bayan nazarin kilo 382 na duwatsun da 'yan sama-jannatin Apollo suka kawo, shi ne bayani mafi rinjaye, amma har yau ana gardama a kan yadda karon ya kasance, haka ma ana gardama a kan kason ruwan teku da ya zo tare da kayan ginin farko da wanda duwatsun sama suka ƙaro daga baya.

Batun kwana shida kuwa, malaman tafsiri sun ga wahalarsa tun kafin a haifi Kant, saboda dalili mai sauƙi: yini a wurin mutane daga fitowar rana ne zuwa faɗuwarta, to da me ake ƙirga shi kafin a yi ranar? Tafsirin Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatan ƙasar Hausa duk watan azumi, ya ce a ƙarƙashin aya ta 54 ta Suratul A'araf gwargwadon kwanakin duniya ake nufi tun da babu rana a lokacin, ya ƙara da cewa da Allah ya so da ya yi su cikin ƙiftawar ido, jinkirin koyar da bayi natsuwa ne. Ibn Kasir ya ruwaito daga Mujahid da Imam Ahmad cewa kowane yini shekara dubu ne, Baidawi kuma ya gabatar da fassarar lokuta shida ba tare da ƙayyade tsawonsu ba, kuma Alƙur'ani da kansa ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu a Suratul Hajji da Suratus Sajada, da mai tsawon dubu hamsin a Suratul Ma'arij. Ra'ayin cewa rayuwar duniya duka shekara 7,000 ce, wanda Ɗabari ya kawo a tarihinsa kuma Suyuɗi ya gina wata risala a kansa, bai taɓa zama aƙida ba, Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya ƙaryata duk mai yanke wani adadi. Saboda haka Musulmin da ke kare ƙanƙancin shekarun duniya sau da yawa yana kare gadon wasu ne bai sani ba, domin lissafin da ya sa halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa na Bishop James Ussher ne na Ailan, wanda ya fitar a 1650 daga jerin zuriyoyin Tsohon Alkawari. Imam Gazali ya yi gargaɗi a gabatarwar Tahafutul Falasifa cewa wanda ya yi jayayya da masu falaki a kan sababin husufi da sunan addini ya cuci addinin, domin mai ilimin lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi shakka, ya kuma bayyana cewa abin da ya dame shi shi ne ko duniya fararriya ce ko ƙadima, siffarta da awonta ba su ne wurin faɗa ba.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda ya fi yaɗuwa a wa'azin rediyo da na wayar hannu a yau, shi ne gaggawar ɗaura kowace aya a kan sabon binciken da ya fito, a ce hayaƙin da aka ambata a Suratu Fussilat shi ne gajimaren Laplace, haɗewa da rabewar da aka ambata a aya ta 30 ta Suratul Anbiya kuma ita ce babbar fashewar farko. Wannan hanya ta sami ƙarfi daga tafsirin Ɗanɗawi Jauhari na Masar, wanda ya rasu a 1940, da littafin likitan Faransa Maurice Bucaille na 1976, amma Imam Shaɗibi ya riga ya soki irinta a cikin Muwafaƙat tun ƙarni na 14. Illarta ita ce tana jingina abin da mumini ke riƙe da shi a matsayin yankakke a kan hukuncin al'ada, wanda ma'anarsa ta ƙunshi yiwuwar gyara, sannan takan zaɓi abin da ya dace ta tsallake wanda bai dace ba. Jerin da ke Suratu Fussilat, alal misali, ya gabatar da ƙasa kafin daidaita sammai, Suratun Nazi'at kuma ta sa shimfiɗa ƙasa bayan gina sama, har Bukhari ya kawo yadda Ibn Abbas ya haɗa su ga wani mai tambaya. Wanda ya ɗauki ayoyin a matsayin jadawalin falaki dole ya yi ta lanƙwasa su, wanda ya ɗauke su a matsayin kira zuwa ga Mahalicci kuwa bai shiga wannan ƙunci ba.

Haka nan bai kamata a ɗauki adadin miliyan 4,567 a matsayin hujjar faruwar duniya irin wadda malaman tauhidi ke nufi ba, ko da yake zuciya tana son haka. Abin da awon ya tabbatar shi ne rana da 'ya'yanta suna da mafari, amma daga wani abu da ya riga su suka samu: ƙarfen da ke cikin dutsen Maigatari da yuraniyam ɗin Arlit an dafa su ne a cikin taurarin da suka mutu kafin a haifi rana, kuma a cikin dutsen Murchison da ya faɗo a Ostireliya a 1969 an ware ƙwayoyin ƙurar irin waɗannan taurari, wasunsu an ƙiyasta musu shekara har biliyan bakwai. Ko shekara biliyan 13.8 da ake bai wa sararin samaniya gaba ɗaya, iyaka ce da lissafin yau ke kai wa ya tsaya, tambayar dalilin da ya sa akwai wani abu maimakon babu tana nan inda Ibn Sina da Gazali da Ibn Rushd suka bar ta, kuma da hankali ake tunkararta, ma'aunin darma ba ya isa can. Isaac Newton ya taɓa ganin cewa tsarin kewayawar duniyoyi ta fuska ɗaya ba shi da wani sababi na ɗabi'a, ya mai da shi hujjar sa hannun Ubangiji kai tsaye, sai ga hasashen faifai ya cike wannan giɓi, waɗanda suka ajiye imaninsu a cikin giɓin kuma suka ga kamar an ƙwace musu wani abu. Aƙidar Ash'ariyya da ake karantawa a zaurukan Damagaram ba ta zauna a giɓi ba, domin a wurinta abin da aka san sababinsa da wanda ba a sani ba duka aikin Allah ne daidai wa daida, kuma manomin Wacha da ya san cewa iskar damina daga kudu maso yamma take ɗauko ruwa bai ga wani saɓani ba in ya fita roƙon ruwa. Ibn Rushd ya yi ƙorafin cewa wanda ya kore tasirin sababai ya kore ilimi, kuma ƙorafin yana da nauyi in aka mai da yiwuwar saɓawar al'ada dalilin ƙin bincike, amma Assanusi bai ce alaƙar ba ta tabbata ba, cewa ya yi tabbatarta ba daga zatin abubuwan take ba, wannan kuwa matsayi ne da ɗakin gwaji ba ya iya tabbatarwa ko rusawa.

Abin da ya rage shi ne makomar su kansu duwatsun, domin hujjar da ake magana a kanta abu ce da ake ɗauka a sa a jaka. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutsen Mirrihu mai nauyin kusan kilo 25 a jihar Agadas, aka yi masa lamba NWA 16788, a watan Yuli na 2025 kuma aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan kuɗin da ya haura dala miliyan biyar in an haɗa da la'ada, lamarin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita, sannan ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. A hamadar arewa dutsen sama yana iya kwanciya shekaru dubbai bai lalace ba, masu nema su tsince shi ba tare da an san ranar saukarsa ba, a kudu kuwa, ƙasar Korama mai damshi da garma, ƙarfen da ke cikinsa yakan fara tsatsa tun daminar farko, rairayi ya binne shi, ya saje da sauran tsakuwa. Shi ya sa kusan duk waɗanda aka sani daga Katsina zuwa Yobe waɗanda aka ga faɗowarsu ne, kuma masana sun fi daraja irinsu saboda ruwa bai riga ya gurɓata sinadaransu ba. Rana da wuri da fuskar da wutar ta fito, waɗanda ake rubutawa a kundin duniya kusa da sakamakon awo, daga bakin manoma da makiyayan da suka ji ƙarar suka je suka duba ake samun su.